Wa za ka ba aikin rumfa ko sito a Sakkwato: mai walda, kafinta, birkila ko ɗan kwangila?

Mutum zai gina gida na miliyoyi, ya nemi mai zane, ya nemi injiniya, kullum yana kan hanya yana duba aiki. Ranar da ya tashi kafa rumfar mota, ko ɗan sito a bayan gida, ko garken tumakin maiɗakinsa, sai ya kira duk wanda ya fara gani riƙe da guduma, don a ganinsa ƙaramin aiki ne. A Sakkwato kuwa ƙananan ayyukan nan su suka fi faɗuwa. Zagaya Mabera ko Arkilla ko Gidan Igwai washegarin hadarin farko ka ƙirga abin da ke kwance a ƙasa. Da wuya ka ga ɗakin kwana. Rumfunan ƙofar shago ne, da rufin sito, da ɗakin kaji.

Yanayin garin ne ya sa haka. Ruwan da ke sauka a shekara ba shi da yawa, a matsakaici milimita 600 zuwa 700 ne, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Abin tsoro shi ne iskar da ke gaban hadarin farko, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura. Gida rufaffe ne, iska na bugunsa ta wuce. Rumfa a buɗe take, iska na shiga ƙarƙashinta ta ɗaga ta sama. Saboda haka abin da ke kayar da rumfa yawanci ba nauyi ba ne, rashin ɗauri ne. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke mai da ƙarƙashin gajeren kwano wurin da ko akuya ba ta son kwanciya. Ga gara, wadda ba ta da rani ba ta da damina. Duk wanda za ka ba aiki, da waɗannan ukun za ka auna shi, kuma kowane mai sana'a yana da wanda ya iya da wanda ya raina.

Mai walda

Idan rumfar mota ce, ko ta ƙofar shago, ko ta harabar masallaci ko islamiyya, mai walda ne mutuminka. Ƙarfe ba ruwansa da gara, yana ba da faɗi ba tare da ginshiƙai sun cika wurin ba, kuma bushewar iskar garin nan ta sa tsatsa ba ta cin sa da sauri irin na kudu. In gidan haya kake, kana iya sa a haɗa ta da noti, ranar tashi ka kwance abinka.

Inda ake yi wa mutane ha'inci a aikin walda shi ne kaurin ƙarfe. Fayif biyu za su kasance faɗinsu ɗaya, inci biyu ko uku, ɗaya kaurin jikinsa milimita 1, ɗaya milimita 2. Da zarar an shafa fenti, ido ba ya rarrabe su, amma kuɗinsu da ƙarfinsu sun yi nisa da juna. In mai walda ya ce maka "Alhaji, wanga aiki da fayif mai inci ukku za mu yi shi," bai gama magana ba. Tambaye shi: "Malam, mai kaurin nawa?" Ku je wurin mai sayarwa tare, ka ɗaga na sirara ka ɗaga na kauri, hannunka zai gaya maka. Ginshiƙai dai kada su gaza milimita 2 a ganina. Ƙarafunan sama da ke ɗauke da kwano za su iya zama ƙasa da haka in ba a nisanta su da juna ba.

Sai wurin haɗi. Akwai walda ta ɗigo, a ɗan taɓa nan a taɓa can don ƙarfen ya tsaya, akwai kuma wadda aka zagaye haɗin gaba ɗaya. Ta ɗigo don a daidaita aiki ake yin ta kafin a cike. Wasu ba sa dawowa su cike, musamman in da janareto suke aiki, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowane minti na janareto kuɗi ne. Ka sa tsani ka hau ka duba kafin a ɗora kwano, kafin kuma a yi fenti. Jan fentin da ke hana tsatsa shi ake fara shafawa, sannan mai launi.

Babban raunin mai walda yana ƙarƙashin ƙasa. Shi mutumin ƙarfe ne, kankare ba aikinsa ba ne, don haka sau da yawa yaronsa ne ke tona ɗan rami, a kwaɓa abin da ya samu a zuba. Na ga rumfar wani maƙwabci da iska ta ɗauke ɗungurungum ta jingina da katangar gidan gaba. Waldar ba ta saki ko ɗaya ba, kwanon ma bai yage ba. A gindin kowane ginshiƙi akwai ɗan dunƙulen kankare da bai wuce ƙwaryar fura ba, shi ke nan abin da ke riƙe da ita. Ƙasar tudun Sakkwato rairayi ya yi mata yawa, ba ta kama ƙaramin rami. Ramin ginshiƙi ya kai aƙalla ƙafa biyu zurfi, a walda ɗan guntun rodi a gicciye a gindin fayif ɗin don kankare ya samu abin kamawa, a kwaɓa kwanon sarki ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, a kuma ɗan tudunta shi sama da ƙasa don ruwa kada ya kwanta a gindin ƙarfen. In mai waldarka ya yamutsa fuska da jin haka, ɗauko birkila na yini ɗaya ya yi wannan ɓangaren. Kuɗin yinin nan bai kai na falle biyar na kwano ba.

Kafinta

Kafinta ya fi sauƙin kuɗi a farko, ya fi sauri, ba ya jiran wuta. Rumfar wucin gadi, ta ragunan layya ko ta ɗan tireda, ko ɗakin kaji mai raga, aikinsa ne. Rufin sito ma, in an gama ginin bulo, shi ake kira.

Sai dai katako yana da magana biyu a nan. Yawancinsa daga kudu ake kawo shi, wani lokaci da sauran ɗanyantaka. Ya shigo hunturun Sakkwato ya bushe da gaggawa, ya murɗe, ya tsage, ƙusar da ta kama shi jiya ta yi sako-sako. Kafinta na kirki yana tsayawa a wurin 'yan katako ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowane ya hango miƙewarsa da ido ɗaya, yana ajiye mai ɓawo da mai tabon ruɓa gefe. Wanda ya ce a loda masa tu-bai-fo (katako mai inci biyu da huɗu) ashirin ya tafi shan shayi, ka san irin rufin da za ka samu. Magana ta biyu gara ce. Duk katakon da zai taɓa ƙasa ko bango sai an shafe shi. Masu hali suna sayen Solignum, maganin da ake shafa wa katako don gara, sauranmu baƙin mai na wurin makanikai muke amfani da shi, yana kuma taimakawa in an shafa shi sosai har bakin yanka, ba a yi wa saman kwalliya kawai ba. Duk da haka, ginshiƙin katako da aka binne kai tsaye a ƙasa yana da wa'adi. Shi ya sa tsarin da na fi yarda da shi ga mai matsakaicin ƙarfi shi ne a raba aikin: ginshiƙan ƙarfe ko na bulo, saman katako.

Abin da za ka tsaya a kai da kafinta shi ne ɗaurin rufi da bango. A kan sito, katakon da ke kwance bisa bango ba a barin sa da nauyinsa kawai. Tun birkila yana jerin ƙarshe ake binne waya mai kauri ko siririn rodi a cikin ginin, jeri biyu ko uku daga sama, a fito da bakinsa, kafinta ya naɗe katakon da shi. In birkila ya gama ya tafi ba a sa ba, kafinta ya zo ya tarar babu, kowa zai ce ba laifinsa ba ne. Kai ne za ka haɗa su tun kafin a kai wurin. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da kake gani bisa rufin mutane shaida ce ta wannan mantuwar.

Kwanon ma iri-iri ne. Na gama-gari bandir ɗaya falle 20 ne, tsawon kowane ƙafa shida, kuma akwai wanda don sirantaka da yatsa kake lanƙwasa shi. Rumfar mota ɗaya mai ƙafa 10 da 20, in an bar ɗan baki kowane gefe, bandir ɗaya ba ya isar ta, sai an ƙara 'yan falle. Dogon alminiyam da ake yanka maka daidai tsawon rufinka, mai kaurin milimita 0.45 ko 0.55, ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ba ya tsatsa, haɗinsa kaɗan ne, kuma ba ya ɗaukar zafi kamar tsohon kwano da ya yi duhu. Ko wanne ka saya, a layin gefe da kusurwoyi a ƙara yawan ƙusa, don nan iska ke fara ɓamɓarowa.

Birkila

Da zarar abin da za ka ajiye yana bukatar kwaɗo da mabuɗi, hatsi ne, kayan shago ne, janareto ne, ko ɗakin maigadi, to maganar ta koma hannun birkila. Ba ni da dogon bayani kan neman sa, birkiloli sun fi kowa yawa. Abin da ke raba su shi ne abin da suke yarda su yi aiki da shi.

Muna da kamfanin siminti a Kalambaina tun shekarun 1960, wanda yanzu yake hannun BUA, don haka samun sabon siminti ba matsala ba ce. Matsalar tana wurin masu buga bulo. Bayan da buhu ya haura naira dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024, wasu sun ƙara yawan bulon da suke fitarwa daga buhu guda har ya zama yashi ne aka ɗan nuna wa siminti. Gwajin ba wuya: ka kankare gefen bulo da ƙusa ko da mabuɗin mota. In yana zuba, bar shi. Ka ɗaga ɗaya daidai ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau zai iya guntulewa a kusurwa ko ya rabu biyu, na banza zai watse ya koma yashin da aka yi shi da shi. Birkilan da ya ga irin wannan bulon ya ce "a kawo, za mu lallaɓa," ba ya kishin aikinsa.

Ƙirgan bulo ma kana iya yi da kanka don kada a rufe ka. Tsawon bulo ƙafa ɗaya da rabi ne, tsayinsa inci tara. Sito mai ƙafa 10 da 12 kewayensa ƙafa 44 ne, wato wajen bulo 30 a kowane jeri. Jeri 13 zai kai ka kusan ƙafa 10, bulo 390 ke nan. Cire na ƙofa da taga, ƙara jeri biyu ko uku na fandisho, za ka tsaya tsakanin 420 da 450. Wanda ya rubuto maka 700 sai ya yi maka bayani.

Ruwa shi ne abin da aka fi tauyewa. Siminti yana son a riƙa jiƙa shi safe da yamma har mako guda aƙalla, cikakken ƙarfinsa kuma sai ya kwana 28. A garin da a unguwanni da yawa sai an sayi kurar ruwa daga 'yan garuwa, kuma iska na shanye danshi cikin sa'a guda, wannan ba ya faruwa sai an sa shi cikin lissafi an kuma ɗora wa wani alhakinsa. Birkila ba zai dawo ya yi ba, ya tafi wani aikin. Ka sa yaron gida.

Wurin da filinka yake shi ma yana canza irin birkilan da kake bukata. A tudu fandisho mai sauƙi ya wadatar. In kana gangaren fadamar Rima, wajen Kwalkwalawa ko ƙauyukan Kware da Wamakko da ke bakin gulbi, ƙasar laka ce, tana kumbura da damina ta tsage da rani, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun san iyakar da ruwa kan kai. A can nemi wanda ya saba aiki a wannan ƙasar, a ɗaga daɓe sosai, kada ka ɗauko na cikin gari da bai taɓa gini a laka ba.

Magina na gargajiya da masu zana

Ga ɓangaren da 'yan birni ke tsallakewa, alhali a wasu ayyukan babu wanda ya kama ƙafarsu. In dabbobi za ka sa, ko albasa, ko hatsin ci, sanyi ya fi ƙarfi muhimmanci. Tunkiya ko jar akuya da ta yini ƙarƙashin gajeren kwano a watan Mayu ba ta cin abinci yadda ya kamata, kiwon ya tsaya. Kaji kuwa mutuwa suke yi. Rumfar kara ko ta zana a kan sandunan dogon yaro tana tace rana ta bar iska ta ratsa. Manoman albasa na wajen Goronyo da Gada da Wurno ba don rashin sanin kwano suke adana ta a rudu na kara da ciyawa ba. Albasa tana son inuwa da iska ta ƙasa da ta sama, in ka kulle ta a ɗakin bulo mai kwano ruɓewa za ta yi.

Ginin ƙasa mai kauri, da rufin azara, yana riƙe sanyi da rana fiye da bulo. Azara ta giginya gara ba ta cin ta da wasa, sai dai ta yi wuyar samu ta kuma yi tsada, kuma maginan da suka iya kwaɓa ƙasa su bar ta ta ruɓa kwanaki, su yi yaɓe da makuba, yawancinsu sun manyanta. In ka samu irin wannan dattijo, ba a yi masa ciniki irin na kasuwa. Ka je da kanka ka gaishe shi, ka ce "Baba, ga abin da nake so, yaya kuka gani?" Sau da yawa zai gaya maka abin da ba ka tambaya ba, misali ka juya wa gabas baya, don daga can ruwa ke dukan bango, hunturu ma daga wajen gabas maso arewa yake busowa. Buɗe rumfa ta yamma kuma gayyatar ranar la'asar ce. Kudu ko arewa ya fi.

Farashin wannan sanyin shi ne hidima. Yaɓe kowace shekara kafin ruwa, sauya zana bayan shekara ɗaya ko biyu, da tsoron wuta. Wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021 ba sai an yi masa wa'azi ba. Rumfar kara ba ta zama kusa da madafa, ko janareto, ko ƙarƙashin wayar lantarki. Akwai hanyar tsakiya da na ga tana aiki a garake da yawa: a ɗaga kwano sama sosai, ƙafa 10 ko fiye, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashinsa da ɗan rata tsakani. Kwano ya tare ruwa, zana ta tare zafi.

Ɗan kwangila

Ɗan kwangila ba ya walda, ba ya jera bulo. Mutanen da na lissafa a sama su zai ɗauko, ya ɗora ribarsa. Abin da kake saye a wurinsa shi ne tsayuwa a kan aiki da haɗa kan masu sana'a, da kuma mutum ɗaya da za ka kama in abu ya lalace. Wannan yana da daraja a yanayi biyu: in ba ka gari, kana Abuja ko Legas kana aiko da kuɗi, ko kuma aikin ya haɗa hannu uku ko huɗu, kamar jerin shaguna, babban sito na 'yan kasuwa, ko gidan kaji na dubbai. Rumfar mota guda kuwa, ba shi kwangilarta asarar kuɗi ce.

Takardar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana nuna kamfani yana nan a rubuce, ba ta nuna ya iya aiki. Ka tambaye shi wane birkila da wane mai walda yake aiki da su, ka ga ko sunayen na fitowa ba tare da inda-inda ba. In rufin yana da faɗi sosai ba ginshiƙi a tsakiya, ko jama'a za su riƙa taruwa a ƙarƙashinsa kamar masallaci ko makaranta, kada ka tsaya ga ƙiyasin ido. A samu injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya fitar da girman ƙarfen, ko maginin zamani mai rajistar CORBON, hukumar rajistar magina, ya kula da aikin. A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da jami'a akwai masu wannan ilimin, kuma duba ƙaramin zane ba ya cin kuɗin da mutane ke tsammani.

Ta ina ake samo su, kuma yaya ake biya

Hotunan Facebook da WhatsApp ba su isa hujja ba. Kowa na iya ɗaukar hoton aikin wani, kuma ko nasa ne, ranar da aka gama kowace rumfa kyakkyawa ce. Gani ya kori ji: ka nemi rumfar da ta ci damina biyu ko uku tana tsaye, ka yi sallama ka tambayi mai ita wa ya yi masa, ya kuma suka rabu. Tambaya ta biyun ta fi ta farko amfani, don akwai gwanaye da yawa da ba sa gama aiki sai an kai ruwa rana. Masu sayar da ƙarfe da katako su ma sun san kowa. Sun san mai zaɓen kaya da mai karɓar kowane tarkace, sun san wanda ake bi bashi. Sai dai ka tuna wani yana da la'ada a kan wanda ya turo maka, don haka ka ji daga bakin biyu. Leburori da ke taruwa da sassafe a bakin hanya da shebur da diga sun dace da tonon rami da ɗaukar kaya, ba da jagorancin aiki ba. Ɗan'uwa ko suruki mai sana'a kuwa, in ka san ba za ka iya ce masa ya rushe ya sake ba, ka taimake shi ta wata hanyar.

In aikin cikin gida ne, kamar garken da matan gida ke kiwo, akwai abin da ya wuce gwaninta. Mutum ne zai yini yana shiga yana fita da yaransa. A nan sanannen ɗan unguwa da aka san gidansu ya fi baƙon da ya fi shi iyawa kaɗan. A kuma tambayi mai kiwon kanta kafin a kafa sanda, ita ta san inda rana ke faɗawa da inda take son kwatar wanke garke ta bi.

Biyan kuɗi hanya uku ne. Aikin yini yana sa a yi a hankali, wani lokaci a hankali fiye da kima, kuma sai kana tsaye. Jinga tana sa a yi sauri, saurin da kan sa a tsallake abin da ba a gani. Kwangilar kaya da aiki gaba ɗaya ta fi hutu, amma nan ne siririn fayif da bulon yashi ke shigowa, don duk abin da aka rage a kaya riba ce ga mai aiki. Ga ƙaramin aiki, abin da na fi ba mutane shawara shi ne jinga a kan kuɗin hannu kawai, kaya kuma ku je kasuwa tare, shi ya zaɓa kai ka biya, a sauke a gidanka. Ta haka ba shi da riba a cikin rage inganci, kai kuma ba ka sayo abin da zai ce bai dace ba.

A rubuta, ko a takardar littafin ɗan makaranta ce, da shaidu biyu: tsawo da faɗi da tsayi, yawan ginshiƙai, kaurin ƙarfe, zurfin rami, irin kwano, wa zai sayi ruwa da man janareto, ranar gamawa. Mutanenmu suna jin nauyin wannan, kamar an ce ba a yarda da mutum ba, alhali addini ma ya yi umarni da rubuta mu'amala mai wa'adi. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hannu. Wanda ya karɓi rabi ko fiye tun bai kafa komai ba, in ya samu wani aikin mai maiƙo, sai ka riƙa ganin yaronsa yana ce maka maigida ya je ta'aziyya.

Kafin a tona rami, a leƙa waje. Rumfar da ta hau kan magudanar ruwa ko ta ci hanya tana iya samun jan fenti daga Hukumar Tsara Birane ta jiha, kuma gini na dindindin da ke fuskantar titi yana bukatar izininsu. Ruwan rufinka kada ya zuba a katangar maƙwabci, musamman in ta ƙasa ce. Ƙarfe kuma kada ya kusanci wayar lantarki, ko da an daɗe ba a kawo wuta a layin ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta bushe, 'yan cin rani sun shigo gari, hannu ya yi yawa, ma'aikaci na iya yini a rana bai galabaita ba. Daga Afrilu kowa ke tunawa da rufinsa, masu sana'a su yi wuyar gani, da ruwa ya sauka kuma rabin leburori sun koma gona. Matsala ɗaya ce da aikin rani: ba za ka san ingancinsa ba sai Yuni. Don haka tun wurin ciniki ka faɗa a fili cewa za ka riƙe kashi ɗaya cikin goma na kuɗin hannu har hadarin farko ya wuce, a rubuta shi cikin takardar. Wasu za su ƙi, su ce ba a saba haka ba. A irin wannan sai ka rage zuwa abin da zai iya haƙura da shi, ko ku yi yarjejeniya cewa duk fallen da iska ta ɗaga a daminar farko shi zai zo ya mayar, kai ka sayi ƙusa.